Kun Tambaya, Mun Amsa: Karatun Lauya na Ingila da na Faransa a Digiri Ɗaya

Tambayoyin wannan fitowa duk sun taru a kan abu guda: digirin da ake karanta dokokin Ingila da na Faransa tare, da Ingilishi da Faransanci. Mun taƙaita wasiƙun, mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Malam, na ji ana cewa akwai digirin da mutum zai yi shekara 4 ya fito da takardar Ingila da ta Faransa a hannu. Gaskiya ne? Yaya tsarin yake? — Wata ɗaliba mai shirin gama sakandare

Gaskiya ne, 'yata. Jami'o'i biyu ne suke ƙulla yarjejeniya, ɗaya a Ingila ɗaya a Faransa, kowacce ta amince da karatun da aka yi a wajen 'yar'uwarta. Jami'ar Queen Mary ta Landan tana yin sa da Jami'ar Paris 1 Panthéon-Sorbonne, Jami'ar Leicester da ta Strasbourg, Jami'ar Essex kuma da wasu jami'o'in Faransa, ciki har da ta Nanterre da ta Toulouse. A irin wannan tsari ana yin shekara 2 a Ingila, sannan shekara 2 a Faransa.

A shekarun Ingila ana karanta darussa 7 da ake ɗauka a matsayin tushe: dokar kwantiragi, dokar ɓarna da diyya, dokar laifuffuka, dokar filaye, dokar riƙon amana, dokar tsarin mulki da gudanarwa, sai dokar Tarayyar Turai. Ɗalibin digirin Ingila zalla yana da shekara 3 ya shimfiɗa waɗannan, ya kuma zaɓi darussan da ransa ke so. Ke a shekara 2 za a cusa miki su, a kuma ƙara miki darussan gabatarwa a kan dokar Faransa da Faransanci. Shi ya sa kusan babu zaɓi a jadawalinki. Idan kin tsallaka Faransa sai ki shiga shekarar ƙarshe ta digirin farko, wanda suke kira lisans, sannan shekarar farko ta mastas. A ƙarshe ki fito da LLB, wato digirin lauya na Ingila, da shaidar shekarar farko ta mastas ta Faransa.

Ki lura da wani abu kafin ki cike fom. Akwai digirin da sunansa ya yi kama da wannan amma ba shi ba ne: shekara 3 a Ingila, shekara 1 tak a Faransa a matsayin baƙuwar ɗaliba. Karatu ne mai kyau, Jami'ar Oxford ma tana da irinsa, sai dai galibi takardar shaidar halarta ake bayarwa daga ɓangaren Faransa. Ki tambayi jami'ar a rubuce: wace takarda ce takamaimai jami'ar Faransa za ta ba ni, kuma da sunan wa za ta fito?

Ɗana ya nace sai wannan karatu. Ni kuwa na san an ce taura biyu ba ta taunuwa. Ba doka doka ba ce? Me ya raba su har da za a karanta kowacce daban? — Wani uba

Alhaji, damuwarka tana kan hanya, domin nauyin karatun ya fi na digiri ɗaya nesa ba kusa ba. Amma dalilin haɗa su shi ne sun bambanta tun daga tushe, kuma wanda ya san ɗaya kawai sau da yawa bai ma san akwai wata hanyar ba.

A Faransa doka tana cikin kundi. Kundin dokokin mu'amala da aka kafa a 1804 zamanin Napoleon har yau shi ne ginshiƙi, duk da gyare-gyaren da ya sha. Lauyan Faransa daga sashen doka yake farawa, ya sauko kan matsalar da ke gabansa. Sashe na 5 na kundin ma ya hana alƙali kafa ƙa'ida ta gaba ɗaya ta hanyar hukuncinsa. A Ingila kuwa babban kaso na doka daga hukunce-hukuncen alƙalai ya fito, kuma hukuncin babbar kotu wajibi ne ƙaramar kotu ta bi shi. Lauyan Ingila daga shari'ar da ta gabata yake farawa, yana tambaya: abin da ya faru a can ya yi kama da wannan, ko akwai bambancin da zai sa hukuncin bai hau kanmu ba?

Ga misali a kan ɓarna. Faransa jimla ɗaya ta rubuta, sashe na 1240 wanda a da shi ne na 1382: duk wanda ya jawo wa wani cuta da laifinsa, wajibi ne ya gyara. Ingila ba ta da irin wannan jimla. Sai a 1932, a shari'ar Donoghue da Stevenson, wadda ta taso daga Sikotilan kan wata mata da ta ce ta sami dodon koɗi a kwalbar lemo, alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya suka shimfiɗa ƙa'idar cewa mai sarrafa kaya yana da haƙƙin kula da wanda zai yi amfani da su. Daga nan aka yi ta gini, shari'a bayan shari'a.

A kwantiragi bambancin ya fi shafar aljihu. A Ingila alkawari ba ya zama wajibi sai an ba da wani abu a madadinsa, ko kuma an rubuta shi a takarda ta musamman da shaida. A Faransa yardar ɓangarorin biyu ce tushe. Sashe na 1104 ya wajabta kyakkyawar niyya tun daga ciniki har zuwa cika alkawari, alhali kotun Ingila ta ce a 1992, a shari'ar Walford da Miles, babu wani wajibi na gaba ɗaya cewa a yi ciniki da kyakkyawar niyya, kowa kansa yake karewa. Idan aka saɓa alkawari, Ingila diyyar kuɗi take fara dubawa, tilasta cikawa sai a wasu lokuta kaɗan. Faransa kuwa tana ba wanda aka cuta damar neman a tilasta a yi abin da aka yi alkawarinsa. Gyaran da aka yi a 2016 ya ƙara sashe na 1195, wanda ya ba da damar sake duba kwantiragi idan yanayi ya canza ta yadda ba a zata ba kuma cikawa ta yi tsada fiye da kima. Ɗan kasuwar da ya sa hannu a takarda bai duba dokar wace ƙasa aka zaɓa ba, a nan yake gane bambancin.

Gado ma haka. A Faransa 'ya'ya suna da kason da ba a taɓa musu: rabi idan ɗa ɗaya ne, kashi 2 cikin 3 idan biyu ne, kashi 3 cikin 4 idan uku ne ko fiye. A Ingila mutum yana iya yin wasiyya da dukiyarsa ga wanda ya ga dama, sai dai dokar 1975 ta ba iyalin da aka bari hannu rabbana damar zuwa kotu neman abin rufin asiri.

Sannan kotunan kansu. Faransa layi biyu take da shi: rikici tsakanin mutane yana ƙarewa a kotun karya hukunci, Cour de cassation, rikici da hukuma kuma yana ƙarewa a babbar kotun gudanarwa, Conseil d'État. Ɗalibin da ya zo daga Ingila, inda komai ke hawa zuwa Kotun Ƙoli guda da ta fara aiki a 2009, sai ya koyi wannan rabo daga farko. Don haka, Alhaji, idan yaron yana da juriya kuma Faransancinsa ya nuna, ka bar shi. Idan sunan Faris ne kawai ke jan sa, ku zauna ku sake magana.

Faransancina na sakandare ne, ina iya hira. Ya isa? — Wani ɗalibi

Bai isa ba. Iya hira daban, zama a ɗakin lacca mai ɗaruruwan ɗalibai kana rubuta abin da malami ke faɗa da sauri har awa 2 ko 3 daban. Matakin iya harshe da ake kira B2 shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ka shiga da shi, mu dai C1, matakin da ke sama da shi, muke ba da shawara kafin shekara ta 3. Cikin jarrabawar iya Faransanci, DELF da DALF takardarsu ba ta ƙarewa, TCF kuwa shekara 2 take yi, haka ma IELTS a ɓangaren Ingilishi. Ka lissafa lokacin da za ka zauna su, kada takardar ta mutu kafin ranar da ake bukatarta.

Ana neman gurbin karatun ta shafukan intanet biyu: UCAS ga masu shiga ta ƙofar Ingila, Parcoursup ga masu shiga ta ƙofar Faransa, kuma guraben kaɗan ne. Wasu jami'o'in Ingila suna ƙara jarrabawar LNAT ta masu neman karatun lauya, wasu shirye-shiryen suna yin ganawa da Faransanci.

Gwajin da za ka yi wa kanka a gida: ka nemo hukuncin Cour de cassation guda, wanda galibi bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba, ka karanta, ka rufe, ka rubuta da Faransanci wa ya kai ƙara, me kotun ɗaukaka ƙara ta ce, me ya sa aka karya hukuncinta ko aka tabbatar da shi. Idan ka kasa, da saura.

Ina shekara ta 2 a Ingila, makina yana da kyau. Amma na ji waɗanda suka riga mu suna cewa mai cin 70 a nan yana zuwa Faransa ya ci 7 cikin 20. Me ke jawo haka, kuma yaya zan kauce masa? — Wata ɗaliba

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a yau, domin a nan ne ɗalibai masu ƙwazo suke tuntuɓe. Ba rashin sani ke kayar da su ba. Salon rubutu ne, kuma malamin Faransa yana ba salon maki kamar yadda yake ba ilimin.

Da farko ki daidaita ma'auni a ranki. A Ingila 40 cin jarrabawa ne, 60 mataki ne mai kyau, 70 daraja ta ɗaya. A Faransa cikin 20 ake ba da maki, 10 shi ne tsira, 12 abin godiya ne, 14 abin alfahari, 16 kuwa ba kasafai ake ganin sa a tsangayar lauya ba. Kada ki ninka makin Faransa sau 5 ki ce kin lalace.

Karatun kashi biyu ne. Akwai babbar lacca, inda malami ke magana ɗalibai na rubutu, ba a cika yin tambaya ba. Akwai kuma ƙananan azuzuwa na aikin mako, awa ɗaya da rabi, waɗanda ake kira TD, inda ake raba takardun hukunce-hukunce a karanto kafin a zo. Halartar waɗannan wajibi ne, makinsu yana shiga sakamako, kuma fashi fiye da adadin da jami'a ta yarda yana iya jawo a ɗauke ki a matsayin wadda ba ta kammala darasin ba.

Aikin rubutu iri uku ne: sharhin hukunci, maƙala, da warware matsala. Na ukun ya fi kusa da abin da kika saba: ki kawo ƙa'ida, ki ɗora ta a kan abin da ya faru, ki fitar da sakamako. Biyun farko su ne matsalar. Dukansu suna da tsari ɗaya da ba a sassauta shi: gabatarwa mai tsawo, sannan kashi biyu, kowane kashi da rassa biyu, kowane reshe da kansa a rubuce. Ba uku ba, ba ɗaya ba. Kan kowane reshe dole ya faɗi matsaya, kuma al'ada ita ce kada a sa aikatau mai lokaci a cikinsa. Gabatarwar ita ce rabin aikin: a sharhin hukunci za ki kawo abin da ya faru, matakan da shari'ar ta bi, hujjar kowane ɓangare, tambayar doka da kotu ta fuskanta, amsar da ta bayar, sannan ki sanar da kashi biyun da za ki bi. Kuma ba a rufewa da kammalawa. Ɗalibar Ingila da ta saba tara ƙarfinta a sakin layi na ƙarshe sai ta ga an ja masa layi.

Kurakurai uku ne suka fi yawa. Na ɗaya, maimaita hukuncin da wasu kalmomi maimakon a yi masa sharhi. Na biyu, akasin haka: a manta da hukuncin a zube duk abin da aka haddace daga lacca. Mai sharhi dole ya riƙa komawa kan kalmomin kotu, ya faɗi ma'anarsu, ya auna ingancinsu, ya nuna inda za su kai doka nan gaba. Na uku, shigo da ɗabi'ar Ingila ta dogon bayani a kan abin da ya faru da kwatanta shi da wata shari'a. Hukuncin Ingila yana iya kai shafi 50, kowane alƙali da sunansa da ra'ayinsa, har da wanda bai yarda ba. Na Faransa gajere ne, da murya ɗaya, ba a bayyana saɓanin alƙalai. Tun 2019 Cour de cassation ta sauƙaƙa salon rubutunta, ta sa lambobi da kanun sassa, amma tsofaffin hukunce-hukuncen da za a ba ki suna nan a tsohon salo, jimla ɗaya doguwa daga sama har ƙasa. Dole ki koyi karanta duka biyun.

Abin yi tun yanzu: kowane mako ki rubuta taƙaitaccen bayanin hukunci ɗaya da tsarin rassa huɗu, ko ba ki cika cikinsu ba, ki kai wa malamin dokar Faransa da ke tsangayarku ya duba. Ki sayi kundin dokokin mu'amala na shekarar da za ki tafi, ki saba da buɗe shi da sauri, domin a jarrabawa da yawa ana barin a shiga da shi, kuma wanda bai san hanyarsa a ciki ba lokaci yake ɓatawa. Ki kula da lambobin sassa: gyaran 2016 ya canza su, tsohon hukunci zai ambaci 1382 ko 1134, ke kuma dole ki san inda suka koma. Sannan ki nemi bayanan darussan shekara ta 1 da ta 2 na Faransa, musamman dokar wajibai, wato ta kwantiragi da ɓarna, da dokar gudanarwa. Abokan ajinki sun yi shekara 2 a kansu, malami kuma ba zai koma baya saboda ke ba.

Nawa ne kuɗin, kuma biza ɗaya ta isa? — Wata uwa

Hajiya, biza biyu ce ga wanda ba ɗan Birtaniya ko Tarayyar Turai ba, kuma kowacce da sharuɗɗanta. Bizar ɗayar ba ta buɗe ƙofar ɗayar.

Shekarun Ingila su ne masu tsada. Ɗan ƙasa yana biyan fam 9,535 a zangon 2025/26, baƙo kuwa a manyan jami'o'in Landan ya haura fam 20,000 a shekara. Ga kuɗin kiwon lafiya fam 776 a shekara da ake biya tare da biza. Ga shaidar kuɗin zama, wadda a farkon 2025 ta kai fam 1,483 a wata har wata 9 ga mai karatu a Landan, kuma dole kuɗin su kwana 28 a jere a asusu. Idan suka ragu ko da kwana ɗaya a tsakani, ana iya ƙin bizar.

Faransa da sauƙi. A jami'ar gwamnati kuɗin rajistar ɗan ƙasa bai kai yuro 300 ba. A 2019 aka sa wa baƙi daga wajen Turai yuro 2,770 a digirin farko da 3,770 a mastas, an ɗan ƙara daga baya, wasu jami'o'i kuma suna yafe bambancin. A 2025 shaidar kuɗin zama yuro 615 ce a wata, amma wannan adadi ba ya riƙe mutum a Faris, inda samun ɗaki kansa aiki ne kuma masu gida suna neman wanda zai tsaya wa ɗalibi. Bizar dogon zama dole a tabbatar da ita ta intanet cikin wata 3 da sauka. Abin da ya kamata ki samu a rubuce shi ne wa ake biya a shekara ta 3 da ta 4, domin ya danganta da yarjejeniyar jami'o'in biyu.

Kada a dogara da aikin ɗalibi wajen cike giɓi. Birtaniya awa 20 a mako ta yarda a lokacin karatu, Faransa awa 964 a shekara, jadawalin wannan digiri kuma ba ya barin sarari mai yawa.

Idan na gama, na zama lauya a ƙasashen biyu ke nan? — Wani ɗalibi

A'a. Digiri ne ka samu, lasisin aiki yana gaba, kuma kowace ƙasa da matakanta.

A Ingila lauya iri biyu ne. Mai aikin ofis da hulɗa da masu neman shawara, tun 2021 jarrabawar SQE yake bi: kashi na farko takardu 2 ne masu tambaya 180 kowacce, na biyu gwajin aiki ne a baki da a rubuce, sannan shekara 2 ta ƙwarewar aiki. Barista kuma sai ya shiga ɗaya daga ƙungiyoyin baristoci 4 na Landan, ya yi kwas ɗin horo, sannan shekara 1 a ƙarƙashin babban barista, kuma samun wannan gurbi shi ne mafi wuya.

A Faransa akwai jarrabawar shiga makarantar lauyoyi, CRFPA, wadda sau 3 kawai ake ba mutum damar gwadawa. Cikinta akwai takardar awa 5 ta taƙaita tarin takardu. Bayanta horon wata 18, sannan takardar CAPA, shaidar cancantar aikin lauya, da rantsuwa. Ga inda tsofaffin bayanai ke yaudarar mutane: daga 2025 cikakken mastas ake bukata kafin a zama lauya, don haka mai wannan digiri na shekara 4 sai ya ƙara shekara ta 5. Akwai kuma sharaɗin ƙasa: wanda ba ɗan Turai ba sai idan ƙasarsa tana ba Faransawa irin wannan dama. Aikin alƙali kuwa na 'yan Faransa ne kawai.

Wani abin da ake mantawa: bizar zama bayan karatu a Birtaniya daga cikin ƙasar ake neman ta, da bizar ɗalibi mai rai a hannu. Wanda ya ƙare karatunsa a Faransa ya binciki matsayinsa tun yana shekara ta 2. Shawararmu ita ce ka zaɓi ƙasa ɗaya ka fara samun lasisi a cikinta, ka yi aiki, sannan ka nemi na biyun ta hanyar da aka tanadar wa lauyoyin waje. Mai bin duka biyun a lokaci guda yakan ƙare da gajiya da bashi.

Sai a Turai kawai ake wannan haɗi? Kuma wane aiki yake kaiwa? — Wani malamin makaranta

Malam, akwai shi a wasu wurare. A Kanada, lardin Kebek yana bin tsarin kundi irin na Faransa, sauran larduna na Ingila. Jami'ar McGill tun 1999 take koyar da tsarin biyu a aji ɗaya, Jami'ar Ottawa kuma tana da sashe na kowanne. Sai dai dokar Kanada ake koyarwa a can, wadda ta samo asali daga ƙasashen biyu amma ta kama hanyarta.

Kamaru ma haka take. Yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma sun gaji tsarin Ingila, sauran 8 na Faransa, kuma jami'o'inta suna koyar da duka biyun. Yajin aikin da lauyoyi masu Ingilishi suka fara a 2016 yana da nasaba da wannan: sun koka kan turo alƙalan da ba su san tsarinsu ba da rashin dokokin kasuwanci da Ingilishi. A 2017 aka buɗe sashen tsarin Ingila a Kotun Ƙoli da makarantar horar da alƙalai.

Aiki kuwa yana inda tsarin biyu ke haɗuwa. Kotun Duniya da Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka, dukansu a birnin Heg na ƙasar Holan, da Ingilishi da Faransanci suke aiki. Landan da Faris manyan cibiyoyi ne na sasanta rikicin kasuwanci a wajen kotu. Ƙungiyar OHADA, da aka kafa a 1993, ta haɗa ƙasashen Afirka 17 a kan dokar kasuwanci guda mai tushen Faransa, kotunta tana Abijan, yayin da yawancin manyan yarjejeniyoyin bashi da na jigilar kaya ta ruwa da dokar Ingila ake rubuta su. Kamfanin da ya ci bashi a ƙarƙashin dokar Ingila ya ba da jingina a ƙasar OHADA yana bukatar wanda zai karanta takardun biyu ya gane inda suka ci karo. Guraben kotunan duniya kaɗan ne kuma galibi sai da mastas da shekarun aiki, don haka mafi yawan masu wannan digiri a ofisoshin lauyoyin kasuwanci, bankuna da sashen shari'a na kamfanoni suke farawa.